Shafin da Ka Fara Buɗewa

Zuwa ga mahaifina, Alhaji mai albasa na kasuwar Guro,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, Baba, labarin littafin koyon jita na kawo maka.

Ka tuna ranar da na dawo da shi tare da jitar daga unguwar Treichville a cikin motar haya ta gbaka, wuyan jitar yana ta zungurin fasinjoji? Maƙwabtanmu na unguwar Saint-Michel suka ce 'yar Alhaji za ta zama maroƙiya. Ko kallonsu ba ka yi ba. Ka ce tunda akwai littafi, to karatu ne, karatu kuwa ba ya yiwuwa ba malami. Nan take ka naɗa kanka malamina, kai da ba ka jin Faransanci, balle do-re-mi na rubutun kiɗa.

Ka karɓi littafin, ka buɗe shi ta dama yadda ka saba buɗe littattafanka na Larabci. Sai ga mu a shafin ƙarshe, baƙi ƙirin da ɗige-ɗige kamar tururuwa sun samu sukari. Ka dangwala yatsa ka ce in fara. Nauyinka ya hana ni cewa ba nan ne farko ba. Sati biyu ina fama, yatsuna suka yi bororo, Inna ta ce ko ƙofar kicin ta fi ni daɗin sauti. Da gaskiya ta fito, ka yi dariya har goro ya sarƙe ka. Ka ce, "To, mun ga masauki, saura mu bi hanya."

Daga nan ka kafa min dokar makarantar allo. Duk Juma'a bayan la'asar in zauna a gabanka in biya darasi, idona a kan takarda. In na saci kallon yatsuna, sai ka buga carbi a tabarma. Alama ko ɗaya ba ka iya karantawa ba, amma tuntuɓe bai taɓa wuce kunnenka ba. In na ƙosa in juya shafi, ka ce, "Ba a wanke allo sai an biya." Ka sha ba ni haushi, wallahi. Duk da haka na yi maka alkawarin kai za ka fara jin shafin ƙarshe.

Saura shafi tara ka kwanta, ba ka tashi ba. Jitar ta shekara huɗu a bayan ƙofa.

Bana na ɗauko ta. Na bi shafukan nan ɗaya bayan ɗaya, ban tsallake ko guda ba, jiya Juma'a na iso masauki. Tabon goron yatsanka yana nan a kan layin farko. Na shimfiɗa tabarmarka, na kaɗa daga farko har ƙarshe ban kalli yatsuna ba. Da na gama, na ɗaga kai ina jira a ce in wanke. Baba, na yi kuka sosai.

Littafin yana nan a buɗe, na hana Inna rufewa.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce masaukinka.

Taka 'ya kuma ɗaliba,
Rabi