Na Ba da Takardar Kantina Lamuni

Kilomita Biyar, Bangi

Zuwa ga Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali? Yaya ƙafar Inna? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi.

Yaya, mun kafa asusun 'yan kasuwa. Da muka je neman izini, Bature ya ce doka ta hana karɓar ajiyar mutane sai da lamuni. "In akwatin ya ƙone, wa zai biya?" Dattijonmu Alhaji Bawa ya ce, "Allah ya kiyaye, ai mun shafa Fatiha." Bature ya ce wannan ba ta shiga takarda. Kowa ya sunkuyar da kai. Ni na karanta dokar da kaina, ba tafinta, na miƙa takardar kantina na Titin Koudoukou.

Tun ranar, in na zauna bayan la'asar, sai in ga asusun ya zama bene mai kallon kogi, tsofaffi masu ƙosai suna kwance kuɗinsu daga bakin zane ba fargaba. Har fentinsa nake gani, shuɗi.

In kuwa ya rushe, kantina ya tafi. Ka taya ni addu'a. Inna kam, ce mata albarkar ciniki kawai nake roƙo.

Gai da mutan gida.

Ƙaninka,
Garba