Katunan da Ba Ni Na Yanka Ba

Kakuri, Kaduna
Alhamis, 12 ga Agusta, 1999

Zuwa ga Celina, sanyin idona, ruwan farkon damina a busasshiyar gonata, inuwar da nake gudowa idan rana ta buɗe. Ke da in kin yi dariya nake manta gajiyar mako guda, in kin ɓata rai kuma tuwo ya daina yi mini daɗi.

Ina gaishe ki gaisuwar mai laifi. Na san kafin ki kai ƙarshen takardar nan za ki ji haushina, don haka bari in fara da mai nauyin, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Katunan kalmominki na Turanci, waɗanda kika kwana huɗu kina nema har kika zazzage akwatinki kika ɗaga katifar Anti Dorcas, ba ɓata suka yi ba. Ni na ɗauke su ranar Lahadi daga kan benci, lokacin da kika shiga ɗaki ɗebo mini ruwa. Na zura su a aljihu, na shanye ruwan da kika ba ni, na yi miki sallama kamar mutumin kirki. Ga su nan a cikin ƙunshin nan, ko ɗaya bai ɓace ba.

Na san ranar Litinin ce intabiyunki. Na san tun da sojoji suka koma bariki sababbin 'yan majalisa ke neman sakatarorin da Turancinsu ya nuna, waɗanda za su rubuta wasiƙa ba a yi wa maigidansu dariya ba. Na san wata biyar ke nan kina tara kalmomi saboda wannan rana guda. Duk na sani, kuma na ɗauka. Ki bar ni in faɗa miki dalili, ko da ba zai wanke ni ba.

Kin tuna yadda abin ya faro, farin watana? Wata Lahadi ce bayan an taso coci, muna zaune a gindin mangwaron gidan Anti Dorcas a Narayi. Kika ce ƙamus ya yi miki nauyin yawo, ga shi kalmar da kika karanta da safe kafin azahar ta gudu. Ni kuwa aikin ɗab'i na iya, ba ni da wata baiwa bayan ita. Lokacin an gama zaɓe, shagonmu ya cika da ragowar kwalin 'yan takara da na katin biki, maigidana ya ce in kwashe in na ga dama. Na sa su a injin yanka, na fitar miki da katuna daidai tafin hannunki, don na auna tafin nan tun ranar da na fara riƙe shi. Sannan na bi kowane ɗaya da ɗan ƙarfen da muke zagaye kusurwar katin aure da shi, kada tsini ya soki yatsanki. Ke kuma kika tsara aikinki: kalma goma kullum, kalmar a gaba, ma'anarta da jimla a baya, a ɗaure da roba. Wadda ta zauna a kanki ta koma ƙarshen ɗauri, wadda ta yi gardama ta dawo gaba.

Wa ke yi miki tambaya a lokacin? Ni, Tagwai, da na tsaya a aji biyu na sakandare. In ɗago kati, in ga kalma doguwa kamar jirgin kaya da ke ratsa Kakuri, harshena ya ƙi ɗauka, sai in bi ta harafi-harafi. Kafin in kai tsakiya kin cafke ta, kin faɗi ma'anarta, kina dariyar yadda nake zufa. Ban taɓa jin kunyar wannan dariyar ba, don tawa ce. Ranar da iskar hadari ta taso ta kwashe katunan daga cinyata fa? Suka watsu a tsakar gida, muka bi su a guje, ke ko takalmi babu. Kin tsinto ɗaya a bakin kwata, na ciro ɗaya a kan akurkin kaji, ruwa ya sauko ya jiƙa mu jagab. Da kike shanya su ɗaya-ɗaya a kan tabarma, ruwa na ɗiga daga kitsonki, kika ce in kin sami aikin rabin kujerar tawa ce, tunda ni na yanka miki matakala. Wataƙila wasa kike yi. Ni dai na ɗauki maganar na adana.

Da bakina na ce ki shiga ajin yamma na Barnawa, da na ga kalmomin sun fi ƙarfina. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Tun daga makon farko sunan malamin ajin, Malam Sylvanus, ya tare a bakinki. Malam Sylvanus ya ce ba haka ake furta ta ba. Malam Sylvanus ya ce a riƙa sauraron labaran rediyo da biro a hannu. Malam Sylvanus ya ce kalma ba ta zama ta mutum sai ya yi magana da ita sau uku da wanda ke jin ta. To, wa ke jin ta, Celina? Ni ne, da in kin jefo mini kalma sai in yi murmushi kamar baƙo a gidan biki? Kalma goma, kowace sau uku. Sau talatin ke nan a rana kike buɗe bakin nan da nake mutuwar so, kina zuba wa wani namiji abin da ni ba ni da ƙwaryar tarawa.

An ce kishi kumallon mata ne. Wanda ya faɗa bai zo Kakuri ya gan ni ba. Wata Talata na tashi aiki da wuri, na hau acaɓa har Barnawa, na tsaya tsallaken titi wajen mai gasa masara, ina leƙen ajinku ta taga kamar ɓarawon kaji. Na gan shi, da nakatayal a wuya cikin wannan zafi, da babur ɗinsa a jingine yana ƙyalli. Na ma bincika, ba shi da mata. Tsakanina da Allah ban ga ya yi miki wani abin da bai dace ba. Abin da na gani ya fi haka ciwo. Ya faɗi wata magana da Turanci, kika yi dariya har kika dafe ƙirji, irin dariyar gindin mangwaro. Ashe akwai ta a wani harshen ma? Masarar da na saya a hannuna ta huce, na dawo da ita gida ban ci ba.

Daga ranar na daina yanka miki kati. Ban faɗa miki ba. Na ce bari in ga ko za ki tambaya, in ji ko har yanzu ina da amfani. Mako uku ina jira, ba ki tambaya ba. Sai ranar Lahadin nan, da kika ajiye ɗaurin a kan benci, na hango waɗansu da ba ni na yanka ba a cikinsu. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima, ballantana idon mai yanka takarda. Shuɗaye ne, masu santsi, 'yan kanti, kusurwarsu da tsini kamar ƙaya. Da na tambaya, ko ɗagowa ba ki yi ba kika ce nawa ne suka ƙare, Malam Sylvanus ya ba ki nasa. Kin faɗa kamar mai cewa an ara miki gishiri. Ni kuwa ji na yi kamar na dawo gida na tarar da takalmin wani a ƙofar ɗakina.

Niyyata in ƙona shuɗayen in dawo miki da nawa, in ce a hanya na tsinta. Ranar Litinin da na dawo aiki na ware su gefe, har na ɗauko ashana. Sai na juya ɗaya in ga abin da zan ƙona. Na ga rubutunki, ƙanana a jere kamar shukar acca, kuma a farkon jimlar ga sunana. Na juya na biyu, ga shi. Na uku, na huɗu, haka. Turanci ya fi ni, amma sunana ko a wane harshe aka rubuta ina gane shi. Katuna arba'in da ɗaya na wani mutum, kusan kowanne da Tagwai a bayansa. Ashanar ta faɗi daga hannuna, na zauna a bakin gado ina jin kunya kamar ƙasa ta tsage.

Kada ki zaci kishin ya mutu a nan, zinariyata. Sabo ya tsiro. Domin a gefen kowace jimla akwai makin jan biro, kuma na san hannun da ya yi shi. Wato shi ya karanta. Shi ya san abin da Celinata ke faɗa a kaina, ya gyaɗa kai, ya ba da maki, ya hau babur ya tafi gida da shi, ni mai sunan ina nan ban san ko yabo ba ne ko zagi. Akwai abin da ya fi wannan cin rai? Ban yarda in kai wa kowa ya fassara mini ba. Na ari tsohon ƙamus na shagonmu, kwana biyu ina fama da shi lokacin da sauran ma'aikata ke cin abinci. Kati uku kacal na taɓa. Na farko ya ce ni mutum ne mai taurin kai da ba a juya shi. Ban musa ba, ga shaida a hannunki. Na biyu ya ce ina yin aiki da tsanaki, ba na barin ko ɗan aibi. Na karanta wannan ya fi sau goma. Na ukun ne ya kayar da ni. Na nemo kalmar, ma'anarta ta aike ni wajen wata kalmar, waccan ta aike ni gaba, har na manta inda na faro.

Ga abin da na yi da shuɗayen. Ban ƙona ba, ban yaga ba. Jiya na kai su shago, na bi su ɗaya bayan ɗaya da ɗan ƙarfena, na zagaye musu kusurwa. Launin ne ya gagare ni. Amma in kin sa hannu a jaka kin zaro, yatsanki ba zai bambanta nasa da nawa ba, kuma babu wanda zai soke ki. Na ƙara miki sababbi ɗari biyu, farare, ba a rubuta komai ba. Kada kati ya sake ƙare miki har ki miƙa wa wani hannu.

Kwana huɗu na cinye miki, kwana uku suka rage. Ki yafe mini in za ki iya. In ba za ki iya yanzu ba, ki ajiye fushin sai bayan Litinin, kada ya shiga tsakaninki da karatu. Ki je ki zuba musu Turancin nan har su nemi ƙamus a ƙarƙashin tebur. Ba na cewa ki bar aji, ba na cewa ki tsaya inda na tsaya. Tsorona ɗaya ne, kuma yau zan faɗe shi: kada ki hau matakalar nan ki waiwayo ki ga na yi miki ƙanƙanta. Kawunnaina na shirin zuwa wajen iyayenki a watan Kirsimeti. In ce musu su ci gaba da shiri, ko kuwa da hannuna na rushe?

Abu guda nake roƙo, kurciyata. Duk kalmar da kika koya, ki fara faɗa mini ita kafin kowa, ko da ba zan gane ba. Cikin sau ukun nan, ki ba ni na farko, shi ya ɗauki ragowar.

Ranar Lahadi bayan coci zan zo gindin mangwaro. In kin fito da benci, na gode wa Allah. In ba ki fito da shi ba, zan tsaya da ƙafafuna har ki gaji da ganina. Katin nan na uku na sa shi a sama, shi za ki fara gani in kin kwance robar. Har yanzu ban san abin da ya ce ba. Ko yabo ne ko zagi, da Hausa nake son jin sa, kuma daga bakinki.

Naki shi kaɗai, yau da gobe, wanda zai yi ta yanka miki kati har ƙamus ya ƙare,

Tagwai