Waƙar Yaya Ahmadu

Gusau,
3 ga Nuwamba.

Zuwa ga aminina Yazid, a Bungudu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da amarya Rufaida da su Baba. Ka ga abin da datse layin waya ya jawo mana ko? Ni Ɗayyabu, mai tura wa mutane waƙoƙi a mimori, yau ga ni da biro da takarda kamar ɗan firamare. Garba direba zai miƙa maka ita.

Shekara ta zo ƙarshe, kuma al'adarmu ba za ta mutu don an ɗauke sabis ba. Kowa ya faɗi abin da ya fi kama shi bana, wanda aka kayar ya sayi tsire. Bara zalunta ta ka yi, ban manta ba.

A faifai dai, ba na jayayya da kowa: "Hanyar Mada" na Halimatu Sadiya. Waƙa ta huɗu da ke ciki, wadda babu komai sai kalangu da muryarta, na saurare ta har maƙwabcin shagona ya ce zai kai ni ƙara. Wasan yaron nan naka mai baƙin gilashi kuwa, kada ma ka fara. Na je. Baki kawai yake motsawa, janareta na tsayawa waƙa ta tsaya, shi kuma bakin bai tsaya ba. Kunya ta kama ni a madadinka.

Amma waƙar shekara da wasan shekara duk abu ɗaya ne, kuma kai ka yi asara da ba ka zo ba. Wasan Arzika Mai Ganga na babbar sallah nake nufi. Ka san Yaya Ahmadu, babban wanmu da ke noma a 'Yandoto, wanda ya riƙe mu bayan rasuwar Babanmu. Da ƙyar na jawo shi Gusau ranar. Ana cikin waƙar noma na zagaya wajen sanƙira, mai sanar da mawaƙi wanda za a yaba, na yi kari da 'yan kuɗina, na raɗa masa sunan Yaya da unguwarsu, har tsamiyar ƙofar gidansa na gaya masa. Wallahi Yazid, da Arzika ya ɗauko shi sai da tsikar jikina ta tashi. Ya ce shanun Ahmadu ba su ƙirguwa, rumbunansa sun tare hanya, motoci layi suke yi a gindin tsamiya. Yaya ya rufe fuska da hula yana dariya, ya ɗaga murya ya ce, "Kai Arzika, ji tsoron Allah!" Wuri ya kaure da shewa. Duk na ɗauka a waya, muryarsa ta fito tangaram.

Tun daga ranar, duk wanda ya kawo mimori na zuba masa waƙoƙi, ita nake ɗora masa gyara, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Yanzu a tasha ita, a majalisar mai shayi ita, an ce har kasuwar Mada ta kai. Mutumin da ya biya mini makaranta da dawarsa, ni ma na yi masa abin da zai daɗe.

To, kawo taka mu gani. Ka tanadi kuɗin tsire.

Naka har kullum,
Ɗayyabu.

Tsafe,
11 ga Nuwamba.

Ɗayyabu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Mu nan ba lafiya ba.

An ɗauke Yaya Ahmadu. Ranar Talata da hantsi, yana yankan dawa, mutanen daji suka zo a kan babura. Ba su yi ɓatan kai ba, gidan gindin tsamiya suka tambaya, da ba su same shi ba suka bi shi gona. Matarsa Hafsatu ta kai masa fura, a gabanta aka yi. Ta ce ɗaya daga cikinsu ya zaro waya, ya kunna waƙar nan taka, ya kara masa a kunne ya ce, "Kai na wanga?" Yaya ya ce shi ne, amma faɗar mawaƙi ce kawai. Suka yi dariya suka ɗaure shi.

Jiya suka sako wata tsohuwa da saƙo, tunda babu layin da za su kira. Sun ce shanun da ba su ƙirguwa suke so, ko abin da ya kai su.

Ka fi kowa sanin abin da Yaya ya mallaka. Shanun huɗa biyu, ɗayan ma na haɗin gwiwa ne da maƙwabcinsa. Rumbu biyu, ɗaya rufinsa na yoyo. Wannan shi ne mutumin da ka sa aka yi wa shela a duniya.

Na gaya maka tun da sallah. Na ce wannan zamanin ba na kiran sunan mutum a lasifika ba ne, mai abu ma ɓoyewa yake yi, balle marar shi. Ka ce ni Murja ban san daɗin kiɗa ba, malamar makaranta ce ni, kunnena alli ya toshe shi. To ga daɗin kiɗa nan.

Na dawo da Inna da Hafsatu da yara nan Tsafe wurina. Inna ba ta san da maganar waƙa ba, kuma ba daga bakina za ta ji ba. Kada ka zo yanzu. Hanya ba kyau, kuma gaskiya ba na son ganinka tukuna. Abu ɗaya nake so: ka daina tura ta. Ka goge ta daga duk inda hannunka zai kai.

Allah ya kuɓutar da shi. Ka yi addu'a.

Yayarka,
Murja.

Gusau,
19 ga Nuwamba.

Yazid,

Assalamu alaikum. Ina gaida kowa. Ka yi haƙuri da rubutun. Na san Garba ya ba ka labarin Yaya.

Na goge waƙar daga kwamfuta, na goge daga wayata, ban bar ko ɗaya ba. Amma me na goge? Ina cikin gogewa mai Keke ya wuce ƙofar shago da ita. Na zauna na yi kuka a gaban kwastoma.

Sai tunani ya zo mini. Hanyar da ta kai ƙarya daji, ita za ta kai gaskiya. Na hau babur na je Magami wurin Arzika. Na same shi yana gyaran fatar ganga, ya riga ya ji. Na ce ya yi wata waƙar, ya faɗi abin da Yaya yake da shi daidai: sa ɗaya da rabi, rumbu mai yoyo, takalmi ɗaya tun bara waccan. Ya kalle ni kamar na zage shi. Ya ce, "Ɗayyabu, wannan zambo ne. Ni ban taɓa yabon mutum na dawo na tsiraita shi ba, ubana ma bai yi ba. Kuma mutumin da ke ɗaure?" Na ce Baba Arzika, tsiraicin ne zai fito da shi. Na durƙusa na kama ƙafarsa. Daga ƙarshe ya aika a kira masu amshi.

A tsakar gidansa muka ɗauka. Ban taɓa jin abu mai nauyi irin wannan ba. Masu amshi na yi suna sunkuyar da kai, Arzika ya tsaya a tsakiya ya share ido ya ci gaba. Ni na riƙe waya, ni nake gaya masa abin da zai ce, ina lissafa talaucin wana ɗaya bayan ɗaya don duniya ta ji.

Ga ta nan a mimorin da na naɗe cikin takardar nan. Don Allah, don Annabi, ka raba ta a Bungudu. Ka ba masu cajin waya, ka ba 'yan acaɓa masu shiga ƙauyuka, musamman ranar kasuwa, don a nan yaran mutanen dajin ke sayen kaya. Ni nan duk wanda ya shigo ita nake ɗora masa gyara. Idan ta kai kunnensu, ƙila su yarda su karɓi abin da Yaya Murja ta iya haɗawa.

Ka taimake ni, Yazid. Ba ni da wata dabara bayan wannan.

Naka,
Ɗayyabu.

Bungudu,
28 ga Nuwamba.

Zuwa ga ɗan'uwana Ɗayyabu.

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Takardunka biyu sun iso. Baba da Rufaida suna jajanta maka, kuma an saka Yaya Ahmadu a addu'a a masallacinmu.

Na yi yadda ka ce. Na bi masu caji ɗaya bayan ɗaya, na tsaya a tashar 'yan acaɓa, na je kasuwa. Ba zan ɓoye maka ba, ɗan'uwa: ba ta tafiya. Mutum zai saurara kaɗan ya ce ba ta da daɗi, a cire masa. Wani dattijo ya tsine wa Arzika, wai ya yi wa bawan Allah zambo yana hannun azzalumai. Na yi masa bayani, ya ce shi dai ba zai ɗauki wannan a wayarsa ba. Da yawa kuma, suna jin sunan Ahmadu sai su ce in tura masu ta farkon, tunda yanzu kowa na son jin waƙar mutumin da aka sace. Na ƙi. Suna samu a wani wurin.

Ni da kai mun fi kowa sanin wannan. Ba a roƙon mutum ya so waƙa.

Ka tambaye ni zaɓina na bana. Ta farkon nan ce, Ɗayyabu. Tun kafin takardarka ta farko na zaɓe ta, kuma ni ma na tura wa mutanen da ban san iyakarsu ba. Kada ka ɗauki kayan nan kai kaɗai.

Zan ci gaba da rabawa. Allah ya kawo mafita.

Amininka,
Yazid.

Tsafe,
14 ga Disamba.

Ɗayyabu,

Assalamu alaikum. Layi ya dawo, na sani. Na ga kiranka. Na kasa ɗauka, rubutu ya fi mini sauƙi.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya Ahmadu ya rasu. Mun sayar da san, mun sayar da dawar, an kai masu kuɗin, suka ce ina sauran. Wani Mas'udu ɗan Mada da suke tsare tare ya gudo, shi ya kawo labari. Zazzaɓi ne da yunwa. Ya ce suna yawan kunna masa waƙar su ce ya tashi ya taka. Na tambaye shi ta biyun, wadda na ji ka sa aka yi. Bai taɓa jin ta a can ba. A can suka rufe shi, ba mu da gawa, ba mu da kabari.

Shekaranjiya muna zaman gaisuwa aka saki layi. Wayoyi suka kama ƙara a tsakar gida. Ta wata baƙuwa waƙar ce a kai, daidai wurin da yake dariya yana cewa Arzika ya ji tsoron Allah. Matar ta rikice tana neman kashewa. Inna ta ɗaga hannu ta ce, "Bari. Ahmadu na."

Daga baya na gaya mata komai, har da wanda ya raɗa wa sanƙira. Ta ce ɗa ɗaya aka ɗauke mata, ba za ta ba da na biyu da hannunta ba.

Ka zo. An ce ka goge taka, to ka nemo ta, ba za ta yi maka wuyar samu ba. Ka yanko wa Inna wurin da yake dariya, ka sa mata a wayarta. Sauran kada ya shigo gidan nan.

Allah ya kawo ka lafiya.

Yayarka,
Murja.