Ba Nonon Inna Ba Ne

Laraba, bayan isha'i, Batsari

Yau ni da 'yan ajina muka buɗe kwalbar ƙudajen ayaba. Uwa da uba duk dogon fiffike gare su, amma da muka ƙirga 'ya'yan, kusan ɗaya cikin huɗu guntun fiffike ne da shi, ba ya iya tashi. Na gaya musu kowanne cikin iyayen yana ɗauke da ƙwayar gadon a ɓoye, sai biyun sun haɗu a jikin ɗa take bayyana.

Rabi ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, to laifin uwar ne ko na uban?"

Na ce ba laifin kowa ba ne. Sai na juya wajen allo.

Mahaifiyata Inna ce na tuna. Ƙannena biyu ta binne a garinmu Tsaskiya, sikila ce ajalinsu, kuma har yau cewa take nononta ne ba shi da kyau, domin abin da dangin Baba suka gaya mata ke nan. Na daɗe ina koyar da wannan darasi, ban taɓa zama na yi mata bayani ba.

Asabar zan hau mashin in je. Ban san ta inda zan fara ba. Allah Ya sa ta yarda da ni.