Warin Daddawa a Jikin Kwat

Asabar da dare, Whalley Range, Manchester

Yau saura ƙiris in ajiye ajin nan da nake koyar da yaranmu duk Asabar a can unguwar Lozells. In taso tun daga Manchester, in kunna wa yara tsohon shirin talabijin, wanda ko kala babu, su kuma su yi ta ƙyaƙyata dariya wai ana ganin zif a bayan dodon da ke cikin shirin! Na ce, "Ku da ko littafi ɗaya ba ku taɓa gamawa ba, ku ne masu raina aikin mutane?" Wannan baki nawa, Allah ya shirye shi.

Na yi bayani har wuyana ya bushe, cewa lokacin da aka yi shirin mutane na kwana da tsoron bam ɗin nukiliya. Ko a jikinsu.

Sai aka zo inda halittun wata duniya suka rikiɗe suka zama mutane, wata mai gidan haya tana bin kwat ɗin 'yan haya tana shinshinawa don ta gano su.

Hafsa, wadda ban taɓa jin muryarta ba, ta ce da Hausarta mai tuntuɓe, "Uncle, ba bam kaɗai suke tsoro ba. Lokacin ne irinmu suka fara zuwa ƙasar nan, ko?" Wai ita a mota take barin blazer ɗinta, wato kwat ɗin makaranta, kada ta ɗauki warin daddawar gidansu.

Musa sarkin surutu ya ce, "Ni a leda nake ƙulle tawa."

Duk karance-karancena ban hango wannan ba, alhali ni ma a corridor, nesa da kicin, nake rataye tawa kwat ɗin.

Ja'iran yara. Na riga na sayi tikitin tafiyar Asabar mai zuwa.