Kabad na Kayan Amana

Salaga

Zuwa ga ƙanena Abdul-Gafar, a Bawku.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Fauziya da yara. Yaya ƙafar taka? Yaya kasuwar shanu?

Tun shekarar da gwamnati ta kori baƙi daga ƙasar nan, kana goye a bayan Inna, buhun nan yake ƙarƙashin gado a gidanmu. Kayan amana ne da maƙwabta suka bar wa Baba ranar da motoci suka kwashe su, kowa yana cewa wata uku zai dawo. Guda goma sha ɗaya ne, kuma babu wanda ya dawo. Baba bai rubuta sunan kowa ba, don a lokacin takarda mai sunan baƙo tana iya kai mutum hannun 'yan sanda. A kaina ya zuba sunayen, ya sa na yi ta maimaitawa kamar karatun allo. Yau ban da ni ba wanda ya san mai kowane abu.

To, 'yata Asana ta matsa in koma wurinta Yendi bayan Babbar Salla, wai tun rasuwar uwarta ba na cin abinci. Mijinta ya ɗaga buhun ya jijjiga, ya ce masu sayen tsohon ƙarfe za su so shi. Na cire ƙyauren tsohon shagon Baba, katakon maɗaci ne, na fara ɗan kabad mai hawa uku da fuskar gilashi. Liman ya yarda a kafa shi a barandar masallaci. In jikan wani ya zo cigiya wata rana, ya gani.

Ni ba kafinta ba ne. Tun da na bar dillancin doya nake ɗan taɓa katako don hannu ya sami abin yi. Yanka biyu da zarto, sai in zauna in huta.

Ka aiko min gilashi mai kaurin nan na wajenku, tsawo taƙin hannu uku, faɗi taƙi biyu. Kada ka kawo min zancen tef ɗin awo. Da taƙi Baba ya auna ɗakin da aka haife ka a ciki.

Yayanka,
Mahama

Yendi

Abdul-Gafar,

Salamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida iyali. Allah ya ƙara sauƙin ƙafa.

Direba ya sauke gilashin a tashar Yendi, na zo da kaina na karɓa, da murfin kabad ɗin a hammata. Bai shiga ba. Ya zarce da kusan yatsa uku a tsawo, biyu a faɗi. Da hannunka ka auna ko da na raƙumi? Surukina ya yi dariya har ya ƙware da shayi, a gabana.

Asana ta nuna min ɗakin da ta gyara min. Tagarsa bangon maƙwabci take kallo. Ta ɗauko biro ta ce in faɗi sunayen ta rubuta, a huta. Na ce mata abin da ya zauna a kaina sama da shekara hamsin ba ya bukatar biro. Ta ƙara min miya.

Hanyar nan ta karya min baya. Jibi zan koma gida.

Yayanka,
Mahama

Salaga

Ƙanena Abdul-Gafar,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ka lafiya, da Fauziya da yara duka.

Ka yafe min maganar raƙumi. Da na dawo na auna tagar ɗakina, wadda na sani taƙi huɗu ce tun ina saurayi. Sai da na kusa yin biyar. Yatsun ne ba sa buɗewa kamar da. Awonka daidai ne.

Akwai abin da ya fi wannan. Na gama kabad ɗin ban da gilashi, na goge shi da man kaɗanya, na zazzage buhun a kan tabarma. Ina ɗauka ina kiran mai shi ina jerawa. Almakashin Lamidi tela. Butar tagulla ta Garba Bazabarme. Haka har goma. Na goma sha ɗayan ɗan makulli ne mai jan zare a wuya. Na riƙe shi, ina ganin hannun da ya miƙa wa Baba, hannun mace da lalle, amma sunan ya ƙi zuwa. Yau kwana huɗu ke nan. Na kai wa Anisatu mai koko, wadda duk unguwa ba wanda ya girme ta. Ta jujjuya shi, ta ce ita ko abin da ta ci jiya ba ta riƙe ba. Kai kuwa ba sai na tambaye ka ba, kana goye a lokacin.

Matar nan ta ba mu amana, ni na ɓatar da ita. Na gaji, Abdul-Gafar. Kuma ina tsoron in tashi wata rana in tarar saura suna tara a kaina.

Gobe da an idar da Asuba zan tsayar da Liman kafin ya shiga gida. In faɗi goman, ya rubuta kowanne a 'yar takarda mu sa ƙarƙashin kayansa. Makullin zan sa shi a hawan sama, da farar takarda. Daga nan in kai gilashin wurin Nashiru a bakin tasha, ya auna da tef ɗinsa ya yanke.

Ka gaida kowa. Ka sa matar nan a addu'a, Allah ya san sunanta.

Yayanka,
Mahama