Motar Ta Ƙi Fita Daga Gareji

Maman yara,

Na fita kina barci. Ke da bakinki kika ce a-kori-kurar mai kaji ta fi tawa kwarjini. To jiya na sa bakanike ya ɗaga tawa, ya ɗaura mata tayoyin da suka fi na mai kaji girma. Yanzu ta ɗara tasa tsayi da taƙi guda.

Sai dai a cikin gareji muka yi aikin, saman ƙofa ya tare ta. Na sace iskar tayoyin, duk da haka ta ƙi fita. Na tafi neman magini.

Ki bar garejin a kulle. In mai kaji ya tambaya, ce masa tawa ta fi ƙarfin ƙofa. Tasa kuwa sumul take shigewa kamar akuya.

Maigidanki